Rage Teɓa da Gina Tsoka: Shawarwarin da Aka Tattaro

Da aka tattauna batun rage ƙiba da gina tsoka, bakin kowa ya zo ɗaya: abinci ne kan gaba. Kitse ba ya narkewa sai jiki na ƙona fiye da abin da ake ci. Sai dai waɗanda suka daɗe a harkar sun ja kunne kan horar da kai da yunwa. Rage kamar kalori 500 a rana (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) ya wadatar, nauyi ya riƙa sauka wajen rabin kilo a mako. Mai gaggawa, har tsokarsa zai zubar.

An nanata furotin sosai, wato sinadarin abinci mai gina jiki, kuma ina ganin da gaskiyarsu: kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 zai nemi giram 112 ke nan, a rarraba cikin yini.

A ɗaga ƙarfe sau 2 ko 3 a mako, ana ƙara nauyin ƙarfen kaɗan-kaɗan, a samu barcin awa 7 zuwa 9. Atisayen ciki kaɗai ba ya cire teɓa. Kuma sikeli kan tsaya cak alhali wando na sakwarkwacewa a ƙugu, don haka a riƙa auna ƙugun da tef.