Shugaban reshen banki zai iya yi wa ma'aikatansa hidima ba tare da an raina shi ba?

Sabon Shugaba: Assalamu alaikum. An ba ni riƙon reshen wani banki a nan Maradi, kuma a wajen horo an jaddada mana shugabancin hidima, wato shugaba ya sa buƙatun na ƙasa da shi a gaba. Ina tambayar manyanmu, shin hakan yana ƙara ƙwazo a wurin da hedikwata a Yamai ke auna mu da yawan sababbin asusu da bashin da muka karɓo, ko raini kawai zai jawo?

Tsohon Akanta: Wa alaikumus salam, Allah ya taya ka riƙo. Robert Greenleaf, Ba'amurken da ya daɗe yana aiki a kamfanin sadarwa na AT&T, shi ne ya yaɗa wannan ra'ayi a 1970, ma'auninsa kuwa shi ne ko waɗanda ake jagoranta suna ƙaruwa har su iya tsayawa da ƙafafunsu. Ni na ga amfaninsa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO da UEMOA (ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin CFA) ya sa tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, aka ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa. Alhaji zai zo da niyyar biyan kaya, a ce masa ba zai samu ko rabi ba, sai ya sauke fushinsa a kan yarinyar da ke ƙirga kuɗi. Shugabanmu ya riƙa barin ofishinsa mai sanyi, ya tsaya gaban layi yana yi wa 'yan kasuwa bayani da bakinsa. Babba juji ne, ya kuwa yarda ya zama. Tun daga nan, in lissafi ya ƙi daidaituwa da yamma, ba wanda yake tafiya gida sai an gano kuskuren, kuma ba tilasta mu aka yi ba.

Mai Binciken Lissafi: Malam, na yarda, amma da sharaɗi. Banki amanar jama'a ce, kuma Hukumar Kula da Bankuna ta UMOA da ke Abijan, wadda ke sa ido kan bankunan waɗannan ƙasashe masu amfani da CFA, ba ta karɓar kirki a matsayin uzuri. Shugaban da ya rufe giɓin kes, wato kuɗin da suka gaza a akwatin mai ƙirga kuɗi, da kuɗin aljihunsa don tausayi, ko ya ƙyale a fitar da kuɗi ba tare da sa hannun mutum biyu ba, cutar da ma'aikacin ya yi. A garin da kusan kowa ya san iyayen kowa, nan ne aka fi zamewa.

Mai Ƙirga Kuɗi: Ranka ya daɗe, mu abin da muke so kaɗan ne. A gyara injin ƙirga idan ya lalace, a tsara wanda zai canje mu lokacin sallar azahar, kuma idan za a yi mana faɗa, a kira mu ofis maimakon a gaban masu ajiya.