Neman kalma: valve da endocarditis, kafin Alhamis

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum. Ranar Alhamis zan ɗauki shirin rediyo na Ranar Zuciya ta Duniya, 29 ga Satumba. Kalmomi biyu sun tsaya mini, valve da endocarditis. Na rubuta "ƙofar zuciya" da "kumburin zuciya", amma raina bai kwanta ba.

Likitan zuciya: Wa alaikumus salam Hajiya. Cire "kumburin zuciya" tukuna. A Kano in ka ce haka, abin da ake ji shi ne zuciya ta yi girma, ƙafa ta kumbura. Endocarditis kuwa ƙwayoyin cuta ne suka bi jini, sau da yawa daga ruɓaɓɓen haƙori ko allura mara tsabta, suka manne a tantanin da ya lulluɓe cikin zuciya, musamman inda ya riga ya lalace. Suna taruwa kamar tsiro, wani ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Ana ɗibar jini sau 3 a gwada kafin a fara magani, maganin kuma ta jijiya ne, mako 4 zuwa 6. Ki ce "cutar tantanin cikin zuciya". Kada "ciki" ya faɗi, domin akwai wani tantanin na waje, jakar da zuciya take zaune a ciki, cutarsa daban.

Nas: Ɗayar kuma bawul. Kowa ya san na taya, iska ta shiga ba ta dawo ba. Aikin ke nan.

Malamin Hausa: Haba 'yar'uwa. Bawul a gidan rediyo? Ƙyaure fa? "Ƙyauren zuciya." Tantani kuma na bar wa mahauta, ni "shafi" nake gani, kamar shafin babbar riga. Cutar shafin zuciya.

Likitan zuciya: Malam, ƙyaure yana da wurinsa. Bawul 4 ne a zuciya. Na hagu, tsakanin ɗakin zuciya na sama da na ƙasa, fallayensa 2, sauran ukun 3 kowanne. Waɗannan fallayen su ne ƙyamare. Amma ƙofar ɗaki ana shiga ana fita, wannan kuwa hanya ɗaya ce. Lalacewarsa iri biyu: ya tsuke, jini ya taru a baya har huhu ya cika, mutum ya kasa kwanciya sai da matasai, ko ya ƙi rufewa, jini yana yoyo yana komawa baya. Kalmar da muka zaɓa dole ta ɗauki "tsukewa" da "yoyo". Bawul yana yoyo. Ƙyaure ba ya yoyo.

Malamin Hausa: To a ce ba ya rufuwa. Haka muka yi sakaci har yaranmu ba su san tufaniya ba. Kullum sai aro, kamar harshen ba shi da gida.

Nas: Malam, asibiti da likita ma aro ne, allura ma haka.

Malamin Hausa: Waɗancan sun shekara ɗari a bakin mutane. Ba daidai suke da abin da aka tsinto a garejin Ƙofar Ruwa ba.

Mai shirin lafiya: Don Allah malamai, kwana biyu ya rage mini. Shafi kuma ina tsoron mai sauraro ya ɗauka shafin littafi.

Likitan zuciya: Ko wacce kika ɗauka Hajiya, wannan ya shiga shirin. Abin da ya fi lalata bawul ɗin yaranmu ciwon maƙogwaro ne da ba a yi wa magani ba, yawanci tsakanin shekara 5 zuwa 15. Bayan mako 2 zuwa 3 sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, garkuwar jiki ta juya kan bawul, an fi samun na hagun nan. Yaron da ya taɓa yi, allurar fenisilin ce duk mako 3 ko 4, shekaru masu yawa. Iyaye suna dainawa da zarar ya miƙe, ciwon ya dawo ya ƙara cin bawul ɗin.

Mai shirin lafiya: Na gode Dakta. Zan buɗe da "bawul, wato ƙofar zuciya mai hanya ɗaya", fallayen in kira su ƙyamare. Ɗayar, cutar tantanin cikin zuciya.

Malamin Hausa: Tantani na yarda, tunda an ce shafi zai rikitar. Bawul ban yarda ba. A rubuce dai ni ƙyaure zan ci gaba da sawa.