Muhawara: Shin Mihri Hatun 'yar kwaikwayon Najati ce kawai?

Malamin adabi: Assalamu alaikum. Ra'ayina a kan Mihri Hatun, marubuciyar waƙoƙin nan ta garin Amasiya a Daular Usmaniyya ta Turkiyya, wadda aka haifa wajajen 1460, shi ne ana kambama ta ne saboda mace ce a fagen da maza suka cika. Waƙoƙinta da dama martani ne ga na Najati, shahararren mawaƙin nan na daular wanda ya rasu a 1509, ta ɗauki karinsa da amsa-amonsa ta ɗora nata baitocin. An ma ruwaito cewa shi kansa bai ji daɗin hakan ba, har ya yi mata hannunka-mai-sanda a waƙe.

Wata malama: Wa alaikumus salam. Malam, da girmamawa, abin da ka kira kwaikwayo sunansa nazira, kuma fanni ne da kowane mawaƙin diwani, wato salon waƙar masu ilimi na wannan daula, yake gwada ƙwanjinsa da shi. Mutum yakan zaɓi waƙar gwani ya shiga cikin karinta don a auna su biyun a sikeli ɗaya, kuma ba a zaɓar rago. Mu da muka taso muna jin Ishiriniya, wadda tahamisin Ibn Muhib ne a kan baitocin Alfazazi, bai kamata mu raina wanda ya gina a kan harsashin wani ba. Mihri 'yar alƙali ce, ta san Larabci da Farisanci, ta kuma zauna a majalisar Yarima Ahmad, ɗan Sarki Bayazid na II, lokacin da yake gwamnan Amasiya. Sunanta yana cikin rajistar kyaututtukan da fadar Bayazid ta ba mawaƙa.

Wani ɗalibi: Malama, ai kyautar fada ba hujjar gwaninta ba ce, domin sarakuna sun sha ba maroƙa riguna.

Wata malama: Gaskiyarka, ɗana, to mu koma ga baitocin. A cikin wata doguwar waƙarta ta ƙanƙan da kai ga Allah ta ce mace ɗaya mai cancanta ta fi maza dubu marasa cancanta. Wannan ba daga Najati ta aro shi ba. Haka kuma a gazal, wato gajeriyar waƙar bege, inda al'ada ta sa mai bege yake magana da muryar namiji a kan abin ƙauna marar suna, ita ta karɓi matsayin mai begen, har ta ambaci sunan wanda take begen, wato Iskandar.

Wani dattijo: Ni abin da ya fi damuna shi ne yadda marubutan tarihin mawaƙa suka bi da ita. Latifi da Ashik Chalabi, a ƙarni na 16, sun sanya ta cikin littattafansu, amma an fi shagala da kyawunta, da rashin aurenta, da tabbatar wa mai karatu cewa ta kame kanta. Diwaninta kuwa sai a 1967 aka buga shi, a birnin Mosko.

Malamin adabi: Baba, na yarda an yi mata rowar nazari, kuma Malama ta gyara mini kalmar kwaikwayo. Amma har yanzu ina ganin Najati ya fi ta iya saƙa karin magana a cikin baiti. Malama, ki kawo mana gazal ɗinta guda da tasa wadda ta amsa, mu jera su baiti-baiti.

Wata malama: Na karɓa, Malam, da sharaɗin za mu rufe sunayen kafin a yanke hukunci.