Shin Ana Hango Ganuwar Sin Daga Sararin Samaniya?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum. Tun muna yara ake gaya mana cewa Babbar Ganuwar ƙasar Sin ce kaɗai ginin ɗan Adam da ake hangowa daga duniyar wata, kuma ni ban ga dalilin musu ba, tunda alƙaluman da hukumomin ƙasar suka fitar a 2012 sun nuna tsawonta, idan aka haɗa dukkan rassanta, ya kai kilomita 21,196.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Faɗi ne abin dubawa a nan, domin a mafi yawan wurare faɗin ganuwar bai kai mita goma ba, alhali tsakaninmu da wata akwai kimanin kilomita 384,000. Wanda ya ce zai gan ta daga can, tamkar ya ce zai ga silin gashi guda daga nisan kilomita uku ne. Kuma ku lura, wani Bature ɗan Ingila, William Stukeley, ya rubuta cewa ana hango ganuwar daga wata tun 1754, fiye da shekara ɗari biyu kafin Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya je sararin samaniya a 1961.

Malamin Firamare: To, na bar batun wata. Amma tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa nisanta da duniyarmu kimanin kilomita 400 ne kawai, kuma daga cikinta ne ɗan sama jannatin Amurka Leroy Chiao ya ɗauki hoton ganuwar a 2004.

Ɗalibar Kimiyya: Allah ya gafarta Malam, da kyamara mai zuƙo nesa ya ɗauka, kuma shi da bakinsa ya ce bai gan ta da ido ba. Yang Liwei, ɗan sama jannatin Sin na farko, da ya dawo a 2003 ya shaida wa 'yan jarida cewa bai hango ta ba, duk da cewa babu wanda ya fi shi son ya gan ta.

Tsohon Magini: 'Yata ta yi gaskiya, kuma akwai abin da kuka manta, wato launi. Magini da abin da ke kusa da shi yake aiki, shi ya sa a yankin Gansu na ƙasar Sin aka gina ta da dannanniyar ƙasar wurin, ta saje da filin da take kai. Rumfunan leda farare na manoman Almeria a Sifaniya sun fi ta fitowa nesa ba kusa ba.

Malamin Firamare: Baba, na ji. Sai dai Eugene Cernan, wanda ya taka wata a 1972, ya ce daga nisan kilomita 160 zuwa 320 ana ganinta da ido. Shaidar wa za mu ɗauka ke nan?

Injiniya: Ta Cernan tana yiwuwa idan sama ta washe, rana kuma ta yi ƙasa har inuwar ganuwar ta miƙe, mai dubawa kuma ya san inda zai kai idonsa. Amma daga wannan nisa manyan tituna da filayen jirgin sama ma suna fitowa, don haka kalmar "kaɗai" da kuka fara da ita ba ta da wurin zama.