Inna ta ce likitanci, Gwaggo ta ce aure, ya zan yi?

Salam 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Ni 'yar Argungu ce, na samu admishon na likitanci a jami'ar Ɗanfodiyo Sakkwato. Innata ce ta cusa min son abin tun ina ƙarama, kullum zancenta matanmu na ƙauye da yawa ba sa zuwa awo ko haihuwa asibiti saboda kunyar likita namiji, har sai abu ya ɓaci. To amma Gwaggo wadda ita ta riƙe ni tun yaye ta kafe, wai shekara 6 karatu, ga shekara 1 ta hausjob, wato aikin horo da sabon likita ke yi a asibiti bayan ya gama karatu, ga bautar ƙasa, yaushe zan yi aure, gara in yi makarantar ungozoma shekara 3 in huta. Kuma Baba ba ya tsallake maganar yayarsa, nan gizo ke saƙar.

Wallahi ba na son ɓata wa ko ɗaya rai. Likitoci mata da kuka haɗa aure da karatun nan, ya kuka yi da lokacin kwanan asibiti da goyo? Kuma wa ya kamata in tura wa Gwaggo, kawu ko malaminmu na islamiyya? Rajista ta kusa.