Zarto mai nutso a kan dogo: abin da kowa ya gani a bakin aikinsa

Mai ƙera kabad:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa kafintoci. Shekara shida ke nan ina yanka faifan katako da zarton lantarki na hannu, ina ɗaure miƙaƙƙen falanki a gefe ya zama jagora, kuma aikin yana tafiya. Amma tun da na fara karɓar aikin kabad na kicin da katako mai rufin melamin, wato siririyar fatar roba mai tauri da ake manna masa a sama, bakin yanka yake ɓantarewa, har gyaransa ya fi yankan cin lokaci. Saboda haka na ƙudura sayen zarto mai nutso, wato wanda faifansa mai haƙora yake ɓoye a cikin gidansa sai an danna shi ya nutse cikin katako, kuma yake gudu a kan doguwar sandar alminiyon da muke kira dogo. Hankalina ya tsaya a kan huɗu: Festool TS 55, Makita SP6000, DeWalt DWS520 da Mafell MT 55. A takarda kusan duk ɗaya suke, zurfin yankansu tsakanin milimita 55 ne da 59, ƙarfinsu kuma daga wat 1200 zuwa 1400. Ina roƙon duk wanda ya riƙe ɗaya daga cikinsu ya yi aiki da shi, ya gaya mini abin da takarda ba ta faɗa ba.

Tsohon kafinta:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na fi shekara goma ina aiki da TS 55, amma ba a kansa zan fara magana ba, domin na lura duk mai shirin sayen irin wannan kayan aiki idonsa a kan injin yake, alhali dogon ne zai zauna da shi. Kamfanin Festo na Jamus, wanda Festool ya fito daga cikinsa, ya fitar da dogo tun 1962, zarto mai nutso kuwa sai a 1980 ya biyo baya, kuma a wurina wannan jerin ya nuna wanda yake gaba da wani.

Faifan katako da aka fi samu tsawonsa milimita 2440 ne, faɗinsa 1220. Dogo mai tsawon 1400 zai ratsa maka faɗin, amma ba zai kai tsawon ba, kuma ko mai 2440 cif ba zai ishe ka ba, domin zarto yana bukatar wurin zama kafin ya shiga katako da wurin fita bayan ya gama. Saboda haka ko dai ka nemi mai 2700 ko 3000, ko ka haɗa biyu. Na yi shekara biyu ina haɗa biyu, kuma kowace safiya sai na ɗora doguwar ma'auni a gefensu kafin in ɗaure notunan mahaɗin, domin idan suka kauce da rabin milimita a tsakiya ba za ka gani da ido ba sai ranar da ka zo haɗa ƙofofin kabad biyu ka ga haske a tsakaninsu. Daga baya na sayi dogo guda mai tsawo na rataye shi a bango, gajeren kuma shi nake fita da shi.

Abu na biyu shi ne dangantaka. Dogon Festool da na Makita 'yan gida ɗaya ne, zarton wannan yana hawa dogon wancan. Na Mafell da na Bosch su ma 'yan gida ɗaya ne. Na DeWalt fasalinsa daban, yana da robar baki, wadda take danne katako a layin yanka, a gefe biyu, ka yanka ta nan ka yanka ta can ba tare da ka juya shi ba. Duk gidan da ka shiga, abin matsewa da abin saita kusurwa da za ka saya nan gaba na wannan gidan ne, saboda haka ka duba wanda kayansa za su samu a hannunka kafin ka duba launin injin.

Mai aikin melamin:

Baba ya faɗi gaskiya game da dogo, ni kuma zan taɓa matsalar da ta kawo ka, ɗan'uwa, domin ita ce aikina kullum. Makita SP6000 nake riƙe da shi shekara huɗu. Yana da wani ɗan maɓalli da idan ka tura shi faifan ba zai nutse fiye da kimanin milimita 2 ba. Sai ka bi layin sau ɗaya ka tsaga fatar melamin kawai, ka dawo ka saki maɓallin ka yanke gaba ɗaya. Dalilin da ya sa wannan yake aiki shi ne haƙoran faifai daga ƙasa suke tasowa sama, suna ɗaga fatar da ke saman katako su ɓalle ta. Idan an riga an tsaga ta, babu abin da za su kama. Robar bakin dogo tana danne gefen da ke ƙarƙashinta ne kawai, gefen da ke waje kuwa a buɗe yake, kuma a aikin kabad sau da yawa duka gefen biyu kake so.

Sai dai kada ka ɗauka maɓallin ne kaɗai sirrin. Da kowane zarto daga cikin huɗun nan za ka iya saita zurfi a milimita 2 ka yi haka, bambancin kawai shi ne saurin komawa. Abin da ya fi ɓata mini baki a farkon aikina faifai ne da ya dakushe ban sani ba. Melamin yana cin kaifi da sauri ƙwarai, kuma faifai mai haƙora 48 da ya yi mako biyu yana yankan sa ba shi ne wanda ka saya ba. Yanzu biyu nake ajiyewa, ɗaya a jiki ɗaya a wurin wasawa. Ina kuma shimfiɗa faifan kumfa mai tauri a ƙarƙashin katakon, in bar haƙori ya wuce kaurin katako da milimita 2 ko 3 kacal, ta haka gefen da aka yanke ba ya rinjaya ya karye a ƙarshen layi.

Mai gyaran ƙofofi:

Ni da izinin 'yar'uwa zan kawo wani ɓangare da ba ta taɓa ba, domin aikinta faifan katako ne wanda ba ya motsi, nawa kuwa katakon itace ne mai rai. Falanki da bai gama bushewa ba, ko wanda ya bushe a karkace, idan ka tsaga shi a tsawonsa yakan rufe bakin tsagar a bayan faifai ya matse shi, sai zarton ya yi tutsu ya taso da baya. Ya taɓa faruwa da ni da wani zarto da na ara, kuma laifin nawa ne, domin na danna shi cikin tsakiyar ƙofa kafin injin ya kai cikakken gudunsa, ban kuma ɗaura abin tsayarwa a bayansa a kan dogon ba. Ya yi tsalle ya ci bakin dogon kusan tsawon yatsa. Allah ya kiyaye, hannuna na hagu yana kan mariƙin gaba, ba a kan katako ba.

Tun daga ranar nake duba abu biyu. Na farko, ko zarton yana da harshen ƙarfen nan da ke bin bayan faifai ya hana tsaga rufewa. TS 55 mai waya yana da shi, DeWalt DWS520 yana da shi, Makita SP6000 da Mafell MT 55 kuwa ba a ƙera su da shi ba. Na biyu, DeWalt yana da wani makulli a ƙafarsa wanda idan ka kunna shi zarton gaba kawai zai tafi a kan dogo, ba zai koma baya ba, kuma saboda shi na zaɓe shi. Nutsonsa ma daban yake, turawa ake yi gaba da ƙasa a lokaci guda, maimakon lanƙwasowa irin ta sauran. Kwana uku na yi kafin hannuna ya saba, yanzu kuma idan na riƙi wani sai in ji baƙo.

Mai aikin melamin:

Ban musa maka ba, Malam. Idan da itace nake tsagawa kullum, da harshen ƙarfen nan zai shiga lissafina. Amma mai tambaya kabad yake yi, kuma a shekara huɗu faifan katako bai taɓa matse mini zarto ba matuƙar yana kwance a kan shimfiɗa daga farko har ƙarshe. Akwai kuma wani abu a Makita da nake jin daɗinsa: idan ka kwantar da shi zuwa digiri 45, nauyin injin yana rinjayar sa gefe, shi kuwa yana da ɗan harshe da yake shiga leɓen dogonsa ya hana shi kifewa.

Mai haɗa benen katako:

Mafell MT 55 nake amfani da shi, kuma abu biyu zan ce. Mahaɗin dogonsa guda ɗaya ne mai faɗi, da ka juya makullansa yake jawo dogayen biyu su miƙe da kansu, saboda haka wahalar ma'aunin safiya da Baba ya ambata ban san ta ba. Canjin faifai kuma, murfin gefen ne yake buɗewa gaba ɗaya, cikin ƙasa da minti guda ka gama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mutum idan canji ya yi masa wuya sai ya ci gaba da yanka da faifan da bai dace ba. Wanda yake son irin wannan dogon da wani injin, Bosch GKT 55 GCE yana hawa kansa.

Mai ƙera kabad:

Na gode ƙwarai, kun buɗe mini ido. Saura tambaya biyu. Wani lokaci ina yanka katakon saman kantar kicin mai kaurin milimita 40, shin milimita 55 za ta isa? Sannan mai batir ya fi ko mai waya?

Tsohon kafinta:

Zurfin da suke rubutawa, ɗana, yawanci ba tare da dogo ba ne, dogon kuma yana cinye kimanin milimita 5. Saboda haka abin da ke hannunka wajen 50 ne, kuma ya ishi saman kanta mai 40 a yankan tsaye. A digiri 45 kuwa zurfin yana sauka zuwa wajen 40 tun kafin a cire na dogo, a nan ba zai ratsa ba. Mai yawan irin wannan aiki ko mai yankan ƙofofi masu kauri shi ke bukatar babba kamar TS 75, mai faifan milimita 210, amma nauyinsa zai gajiyar da kai a aikin faifan katako na yini guda, ban ba ka shawarar ka fara da shi ba.

Idan ka ji injin yana nishi a katako mai kauri, kafin ka zargi ƙarfinsa ka dubi haƙoran. Faifai mai haƙora 48 na ratsa faifan katako ne da yankan gicciye. Tsaga itace a tsawonsa yana son mai haƙora kaɗan, kamar 12, masu manyan rami a tsakani da za su kwashe dusa. Na ga mutane sun ƙona katako sun ɗora wa injin laifi, alhali haƙora ne suka toshe. Ka kuma sani cewa yankan farko da za ka yi a sabon dogo shi ne yake datse robar bakinsa daidai da faifanka, daga nan bakin robar ya zama layin yankanka. Idan ka koma faifai mai wani kauri, misali daga mai tsagar milimita 2.2 zuwa mai 1.8, layin yana iya gusawa kaɗan, sai ka gwada a guntun katako kafin ka amince da shi.

Mai haɗa benen katako:

Game da batir, ni a gidajen mutane nake aiki, kuma na gwada na abokin aikina mai batir biyu na bolt 18, irin Makita DSP600. Yana yanka faifan katako mai kaurin milimita 18 ba tare da na ji bambanci ba. Sai dai a lura, rashin waya ba ya nufin ka rabu da jan igiya, domin tiyon injin zuƙar ƙura yana nan a maƙale, sai fa idan jakar ƙura za ka ɗaura. A shago inda wuta take kusa, ban ga abin da batir zai ƙara maka ba.

Mai gyaran ƙofofi:

Tunda an ambaci ƙura, kada ka ɗauki injin zuƙa a matsayin abin da za a saya daga baya. Rufaffen gidan faifai shi ne babban abin da irin wannan zarto ya fi na gama-gari da shi, amma idan babu abin da ke zuƙa, dusar a ciki take taruwa ta fito ta ƙasa ta hau kan dogo. Ƙurar katako tana cikin abubuwan da hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta tabbatar suna jawo shi, ƙurar MDF kuma, wato faifan da ake matsawa daga garin katako, laushinta ya sa take daɗewa a iska. Tiyo mai faɗin milimita 27 ya fi sauƙin ja, mai 36 ya fi kwashewa kuma ba ya saurin toshewa idan ana tsaga itace. Ni na 36 nake sa wa, in rataye shi a kafaɗa don kada ya kama ƙarshen dogo a tsakiyar yanka.

Mai ƙera kabad:

Bayan na auna maganganunku, na karkata ga gidan dogon Festool da Makita, da dogo biyu, gajere da mai 3000, da faifai biyu masu haƙora 48, da injin zuƙa tun ranar farko. Tsakanin injinan biyu zan riƙe kowanne a hannu tukuna. Baba, idan ya iso, me zan fara dubawa kafin in sa shi a aikin mutane?

Tsohon kafinta:

Ka fara ɗaure maɓallan ƙafarsa guda biyu har ya daina girgiza a kan dogo amma yana zamewa da turin yatsa ɗaya, sannan ka datse robar. Bayan haka ka ɗauki guntun katako mai kauri ka yanke shi a digiri 90, ka kifar da rabi ɗaya ka haɗa bakunan biyu a kan teburi mai shafe. Idan suka haɗu babu haske, faifan a tsaye yake. Idan ka ga rata a sama ko a ƙasa, abin da ka gani ninki biyu ne na karkatar, sai ka juya notin saitin kaɗan ka sake yanka, har ratar ta rufe.