Gwanjon sunayen shafukan intanet: abin da muka gani da idonmu a Katsina da Daura

Mai gina shafuka, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in ji daga bakin duk wanda ya taɓa shiga gwanjon sunan shafin intanet, wato adireshin da ake rubutawa don a shiga shafi, ko aka yi gwanjon sunan da yake hannunsa, domin abin da ya same ni bara har yanzu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wani Alhaji mai fataucin hatsi ya ba ni aikin gina masa shafi, sai muka tarar gajeren sunan da yake so an sa shi a gwanjo a wani dandali. Daren rufewa na zauna a shago bayan sallar isha'i, janareto yana ta ƙara, Alhaji yana kan waya yana ba ni izinin ƙari. Duk lokacin da na taya, kafin in ɗauke yatsa daga kan kwamfuta wani ya ɗora a kaina, kuma ba a nuna komai game da shi ba sai wata lamba. Da kuɗin ya wuce abin da Alhaji ya ware, na janye. Bayan mako biyu sai ga wasiƙar imel cewa wanda ya yi nasara bai biya ba, idan ina so a sallama mini a kan tayina na ƙarshe. Na tambaye su me ya sa ba za a koma farashin da ake kai kafin wannan mutum ya shigo ba, kuma wane hukunci aka yi masa, amma har yau ban samu amsa ba.

Shugabar wata makaranta, Daura:

Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya mayar maka da alheri. Mu namu ya fi ciwo, domin sunan yana hannunmu ne aka ɗauke shi. Malamin da ya yi mana rajista ya yi amfani da imel ɗinsa, daga baya ya koma wani gari, saboda haka duk tunatarwar sabuntawa can take zuwa. Ranar da muka sani ita ce ranar da wata uwa ta shigo ofishina riƙe da waya, fuskarta a murtuke, ta nuna mini sunan makarantarmu ɗauke da tallar caca. Sunan yana kan allon ƙofa, yana kan takardar sakamakon kowane yaro. Na yarda sakacinmu ne ya buɗe ƙofa, amma lambar wayar makarantar tana cikin takardun rajistar, kuma babu wanda ya kira kafin a sayar.

Mai gina shafuka, Ƙofar Ƙaura:

Hajiya, sannu da haƙuri. Idan sunan mai ƙarewa da .com ne, akwai wa'adin fansa na kwana 30 bayan kamfanin rajista ya soke shi, sannan kwana 5 kafin a sake shi ga kowa. Sai dai kamfanoni da yawa ba sa barin ya kai can, suna sa shi a gwanjo tun cikin wa'adin farko na sabuntawa, kuma izinin yin haka yana cikin doguwar yarjejeniyar da muke amincewa da ita ba tare da mun karanta ba.

Malamin fiƙihu, unguwar Gobarau:

Abin da ɗan'uwanmu na Ƙofar Ƙaura ya bayyana yana da suna a littattafanmu tun kafin a san intanet. Shi ne najashi, wato mutum ya ƙara wa kaya kuɗi alhali ba ya nufin saye, sai don ya ja wani ya ƙara. Hanin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi a kansa ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ya zo a Bukhari da Muslim. Shi kansa cinikin wa-zai-ƙara halal ne a wurin mafi yawan malamai. Ba zan yanke cewa najashi aka yi maka ba, tunda ban gani ba, amma an bar ka cikin duhun da ba za ka iya kore zargin ba, kuma wannan kaɗai ya isa aibi.

Mahaifina dillalin shanu ne, kuma ina yaro nakan bi shi kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi. A kara kowa yana ganin wanda ya taya, yana jin mai dabba idan ya ce albarka, kuma an san la'adar dillali kafin a sallama. Na taɓa ganin an gano wani yana taya wani bijimi alhali na ɗan'uwansa ne, aka kai shi gaban sarkin kasuwa a ranar, ya daɗe ba a yarda da tayinsa ba. Ido ne yake tsare ciniki a can. Ni kaina, da muka nemi suna don shafin karatuttukanmu, wani ya nemi kuɗi mai yawa yana cewa akwai masu so uku, na ce ya nuna mini ko ɗaya, sai ya daina amsa waya.

Injiniyan sadarwa, Katsina:

Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ina so dai mu bambance abubuwa, domin sau da yawa muna ɗora laifi a inda ba nan yake ba. Kundin sunaye masu ƙarewa da .ng, wato na Najeriya, yana hannun ƙungiyar NiRA ne, wadda aka kafa a 2005, ba ta neman riba, kuma tana aiki ƙarƙashin kulawar NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa. Mai son suna yakan bi ta hannun kamfanonin rajista da ta amince da su, sannan akwai dandalin sake sayarwa waɗanda harkarsu daban ce. Labaran da aka bayar a nan duk sun faru ne a hannun kamfanoni da dandali.

Duk da haka, ra'ayina shi ne nauyin da yake kan mai riƙe da kundin ƙasa ya fi na kowa, domin haruffan nan biyu dukiyar al'umma ce. Ku dubi tsibirin Anguila mai sunaye masu ƙarewa da .ai, wanda a 2023 gwamnatinsa ta samu kusan dala miliyan 32 daga sunayen, kuma kuɗin yana bayyana a lissafin gwamnati. Manya ma sun sha wannan matsala ta ɓoye fuska. A Yulin 2016 ICANN, ƙungiyar da take kula da tsarin sunayen intanet na duniya, ta yi gwanjon ikon tafiyar da sunaye masu ƙarewa da .web, kamfanin Nu Dot Co ya ɗauka a kan dala miliyan 135, sai bayan an gama Verisign, mai tafiyar da .com, ya bayyana cewa shi ne ya ba da kuɗin, kuma shekaru aka yi ana shari'a a kai. A Ingila kuma, a Maris ɗin 2021, mambobin Nominet mai kula da .uk sun kaɗa ƙuri'a suka sauke wasu daga cikin shugabanninta, abin da ya nuna cewa mambobi suna iya tuhumar mai riƙe da kundin ƙasa.

Ni na taɓa shiga wani gwanjo na faɗi, kuma na kwana da zuciya ɗaya, saboda an wallafa ƙa'idoji tun kafin a fara, an karɓi kuɗin ajiya daga kowa, bayan rufewa kuma aka fito da jerin tayi da lokacin da kowanne ya shigo.

Wata lauya, Katsina:

Yaya Injiniya, akwai gefe ɗaya da na ci karo da shi a aiki. Na rubuta wa wani dandali ina neman sunan wanda ya sayi sunan shafin wata mata da nake wakilta, suka fake da kare bayanan mutane, kuma gaskiya ne muna da dokar kare bayanai ta 2023. Ban ga laifinsu a kan ɓoye adireshi da lambar waya ba. Amma dokar ba ta hana a faɗi yawan masu taya, da farashin ƙarshe, da ko ma'aikacin gidan ko ɗan'uwansa yana da izinin shiga ba, ba ta kuma hana wani mai bincike daga waje ya duba kundin ya sa hannu ba. Da na sake rubutawa a kan waɗannan, sai suka yi shiru.

Shugabar wata makaranta, Daura:

Mun riga mun yi sabon suna, wannan karon da imel ɗin makaranta, kuma na rubuta ranar sabuntawa a bangon ofis kusa da jadawalin jarrabawa. Injiniya, ina so in san ko makaranta irin tamu za ta iya zama mamba a ƙungiyar da ka ambata, domin idan ana taron shekara ina so wani daga Daura ya miƙe ya nemi a wajabta kiran waya kafin a saki sunan makaranta ko asibiti.

Injiniyan sadarwa, Katsina:

Hajiya, ƙungiyar tana karɓar mambobi kuma tana taron shekara-shekara. Zan duba sharuɗɗan in kawo miki in sha Allahu. Malam na Ƙofar Ƙaura, ka adana wasiƙun nan da hotunan tayin da ka ɗauka, lauyarmu ta duba su kafin mu rubuta takardar ƙorafi.